Auta, Ragon Baffa Ja'e

Abubuwa da yawa na aikin nan sun fice mini daga kai, wasu ma ni na kore su da kaina, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka yanka Auta ba. Ku yaran serbis na yanzu, ma'aikatan kula da dabbobi, masu moto da jakar allura, kullum aka yi liyafa sai kun tambaye ni me ya sa nake ture farantin gashi. Wani ya ce haƙori ne, wani ya ce rowar ciki ce. To ga dalilin na rubuta muku sau ɗaya, ku karanta ku bar ni in huta.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ne, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta. Lokacin Dungas tana ƙarƙashin Magariya. Wanda bai ga shekarar ba, ba zai gane ba. Tunkiya takan haihu ta kwanta kusa da ɗanta ta mutu, ko ta rayu amma hantsarta kamar tsohuwar jaka, babu ko ɗigo. Sai wani proje, wato shirin taimako, ya zo ya buɗe santir a kan hanyar Guci don renon marayun 'yan tumaki da madarar gari. Santir ɗin ba wani abu ba ne: shingen waya, rumfa biyu, rijiya, da magaza ɗaya, wato ɗakin ajiya, cike da buhunan madara. Matan ƙauye sukan tsaya bakin waya da 'ya'yansu a goye suna kallon 'yan raguna na sha. Ba wanda ya taɓa tambayar ko su me suke sha.

Ni manebur ne a wurin. Ga wanda bai sani ba, manebur shi ne wanda kowa yake aika, shi kuwa ba ya aiken kowa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyar kafin a kore ni, abin da ya ishe ni karanta rubutun jikin buhu da gane zagi in an yi shi da Faransanci. Shef ɗinmu, wato shugabanmu, Mushe Lawali ne (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), asistan na elbaj, wato mataimakin likitan dabbobi, saurayi sabon fitowa daga makarantar Yamai, takalminsa kullum a goge ko da a cikin kashin tumaki zai tsaya. Sama da shi akwai Direktan proje a Damagaram. Sama da Direkta akwai wani nasara da muka gani sau ɗaya, ya ci sardin a gindin aduwa, ya bar tsarin aiki, ya tafi.

Tsarin shi ne wannan. Rumfar gabas, a shayar da 'yan ragunan da kwalbar bibero, irin ta jarirai, a hannu, a shafa su, a yi musu magana safe da yamma. Rumfar yamma, a rataye bokiti mai nonuwan roba a jikin shinge, a zuba madara a juya baya. Ba taɓawa, ba magana. In sun girma a yanka wasu daga nan wasu daga can, a ga naman wa ya fi laushi. Mushe Lawali ya ce dabbar da ta firgita kafin wuƙa, namanta yakan yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin lalacewa. Wadda ta saba da hannun mutum kuwa takan je a natse, namanta ya fito da kyau. Ban ƙaryata shi ba a lokacin, har yau ma ban ƙaryata ba. Ba karatun ne ya lalace ba, mutanen da karatun ya faɗa hannunsu ne.

Ni bokiti aka ba ni, na kuma gode wa Allah. Ban ga kaina da gemuna ina shafa ɗan tunkiya ina ce masa sannu ba. Dama ran kasuwar Dungas in muka wuce, 'yan tireda sukan ce ga uwayen tumaki nan sun fito, a ba su kunun kanwa nono ya kawo. Don haka rumfar gabas kowa ya ƙi ta. Wanda aka tura sai ya cusa wa ɗan rago kwalba kamar yana ɗura wa jaki magani, ya goge hannu a wando ya fito.

Ana cikin haka sai ga Baffa Ja'e. Bafulatani ne daga wajen Yekuwa, irin waɗanda suke noma suna kiwo, dogo, ya rame har wuyansa ya yi kamar na zalɓe. Ya shigo da wani abu naɗe a cikin tsohuwar riga. Da ya buɗe, ɗan rago ne uda, gabansa baƙi, bayansa fari, kamar da wuƙa aka raba launin, kunnuwa har sun fi kan tsawo. Garken tumakin da ya gada wurin ubansa duk ya ƙare. Uwar wannan ita ce ta ƙarshe, ta mutu a bakin rijiya kwana ɗaya kafin nan.

Ya durƙusa gaban Mushe Lawali, yaron da a haife Baffa ya haife shi, ya ce, "An ce kuna da nono. Na kawo riƙo."

Mushe Lawali yana duba haƙoran wani rago, ya ce, "To, to, Baffa, ajiye shi." Ya ɗauko abin huda kunne ya maƙala wa ɗan ragon ƙarfe mai lamba.

A nan abin ya karkace, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya. A wurin su Baffa, in uwar dabbarka ta mutu ko ciyawarka ta ƙare, sai ka kai ta wurin mai hali ya riƙe maka. Ran da ta girma ta dawo gida. Ba shaida, ba takarda, kunya ce ke tsaron maganar. A wurin proje kuwa, duk abin da ƙarfe ya shiga kunnensa na proje ne. Kowa yana ganin nasa a fili yake, ba ya bukatar bayani.

Da yamma na same shi bakin rijiya na ce, "Baffa, ƙarfen nan na kunne fa ba ado ba ne."

Ya ce, "Ku Haɓe komai sai kun sa masa tsoro. Ba ka ji yaron ya ce to ba?"

Na ce, "Na ji. Ni ma ran da aka ɗauke ni aiki an ce to za a ba ni takalmin roba. Duba ƙafata."

Ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, kai ko an ba ka takalmi sayarwa za ka yi."

Da yake ya ƙi tafiya, kullum yana bakin waya yana leƙen ɗan ragonsa, sai Mushe Lawali ya ga ai ga mai rumfar gabas ya samu. Aka ɗauke shi aiki. Ladan ba wani abu ba ne, amma akwai rabon jar dawa duk mako, kuma dawar nan ita ce ke riƙe da gidansa: tsohuwarsa, da matar ɗansa, da jikoki, don ɗan ya kora 'yan shanun da suka rage ya yi kudu tun farkon fari, ba labari.

Ban taɓa ganin mai reno irinsa ba, kuma ba yabo nake ba, haushi ma yake ba ni a lokacin. Yakan dama madara ya ɗiga a leɓensa ya ji zafinta. Ɗan ragon da ya ƙi robar bibero sai ya sa masa yatsa a baki, in ya fara tsotsa ya zura kwalbar ta gefe. Yana ba su yana sosa musu gindin wutsiya, wai haka uwa take lasa, shi ke sa su sha da kyau. Yana yi yana yi musu Fulatanci. Bayan 'yan makonni in ya tashi salla sai su bi shi su tsaya a bayansa kamar an ta da sahu. Nawa na rumfar yamma kuwa, inuwata kawai suke gani su taru a lungu suna hawa kan juna. Suna tsotsar kunnen juna da cibiyar juna, ga kumburin ciki, ga zawo. Gawar da na ja zuwa rami ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba.

Nasa ɗan ragon ya sa masa suna Auta. Shi ne ya fi kowa sabo. Yakan sa kai a cinyar Baffa ya yi barci. Ko baƙo ne ya miƙa hannu sai ya zo ya sansana. Baffa ya riga ya yi magana da wani ɗan'uwansa a Guci da 'yan tumakinsa suka tsira, cewa in Auta ya isa za a haɗa su, a raba 'ya'ya. Yakan ce mini, "Irin tumakin ubana ba zai ƙare a hannuna ba." Duk lissafin rayuwar da ta rage masa a kan ragon nan yake.

Damina ta zo, ta ɗan yi kirki. Ragunan suka bar madara suka kama harawa da tunkuza, suka yi jiki. Bayan an gama girbi sai ga saƙo: Direkta zai zo da baƙi a ɗanɗana nama. Mushe Lawali ya tara mu ya faɗi yadda zai yi zaɓe. Daga rumfata, duk wanda aka iya kamawa. Daga rumfar gabas kuwa, zai tsaya a ƙofa ya miƙa hannu. Waɗanda suka fara zuwa su ne aikin ya fi kamawa a jikinsu, su za a yanka.

Ina jin haka na kalli Baffa. Shi bai ma girgiza ba. A ransa ai Auta ba ya cikin lissafi, riƙo ne.

Na ja shi bayan magaza na ce, "Baffa, saura 'yan kwanaki. Ka doki ragon nan."

Ya ce, "In doki wa?"

Na ce, "Auta. Ka doke shi safe ka doke shi yamma, ka jefe shi da hoge, har ya zama in ya ga mutum ya gudu. Ran zaɓe ya maƙale a lungu kamar nawa. Tabon sanda yana warkewa."

Sai ya ce bari dai ya fara yi wa Mushe Lawali magana, ai ɗan mutane ne. Na bi shi don in ji.

Ya ce, "Mushe, riƙon da na kawo ya girma, Allah ya saka. Ina so in kai shi gida."

Mushe Lawali ya ce, "Wane riƙo, Baffa?"

"Auta. Ran da na kawo shi ka ce to."

"Baffa, madarar da ya sha wata da watanni, ta wa ce?"

"Ta Allah ce. Ta hannunku ta biyo."

Mushe Lawali ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ba ni da iko. Na riga na faɗa wa Direkta muna da wani uda da ke bin mutum kamar ɗan gida. Shi ne kan gaba a aikin nan. In ya zo bai same shi a ciki ba, me zan ce?"

Kun ji asalin maganar. Ba nasara ne ya zaɓi Auta ba, ba tsari ba ne. Yaro ne ya je gaban babba ya yi cika baki, yanzu yana tsoron haɗiye bakinsa.

Bai tsaya nan ba. Yana kallon takalminsa ya ce, "Kuma kai za ka kai su wurin yanka. In wani ya ja su za su firgita, aikin duka ya tashi banza. In kana ganin ba za ka iya ba, sai a nemi wani a rumfar. Dawa kuma ka san rumfa take bi."

Baffa ya ce, "Na ji." Ya tashi.

Washegari da hantsi na hango shi bayan rijiya da Auta, sandar kiwo a hannu. Ya ɗaga ta sama sosai. Ragon ya matso ya kama bakin rigarsa yana tsotsa, wutsiya na kaɗawa. Sandar ta daɗe a sama. Sannan ya sauke ta a hankali ya jingine.

Ya ga ina kallo, ya ce, "Hannun ya ƙi."

Na ce, "Ba ni sandar. Ni nawa ba ya ƙi."

Ya ce, "Kaɗo, in ka taɓa shi, ni da kai har lahira."

Ran zaɓe Mushe Lawali bai ma gama miƙa hannu ba Auta ya iso.

Ranar liyafa tun da safe Sarkin Fawan ƙauyen ya zo da yaransa da makaɗan kalangu, yadda aka saba in za a yi babban yanka. Mushe Lawali ya kori makaɗan, wai kiɗa zai tsorata dabbobi. Sarkin Fawa ya ce tun da ubansa ya ba shi wuƙa bai taɓa jin an yi wa rago shiru kamar mai jego ba, amma ya haƙura.

Da nawa aka fara. Abin kunya ne. Mun zagaya rumfa muna faɗuwa, su suna tsalle suna bugun waya har wani ya fasa hanci. Wanda aka kama a ja shi da ƙafar baya yana kuka yana zawo har wurin yanka. Ni da na shayar da su, ni suka fi gudu.

Sai aka zo kan na gabas. Baffa ya buɗe ƙofa ya yi gaba, ba igiya, ba sanda. Suka bi shi a jere zuwa bayan magaza. Yana kai ɗaya wurin yanka ya dawo ya tsaya da sauran don kada su ga abin da ake yi. Auta ya bari ƙarshe. Ya sa masa yatsa a baki kamar ranar farko, suka tafi tare, rago na tsotsa. Shi da kansa ya kwantar da shi ya fuskantar da shi alƙibla, ya ja dogon kunnen nan ya rufe masa ido. Sarkin Fawa mutum ne da ba ya ganin Bafulatani ya ƙyale shi ba tsiya, amma ranar ko tari bai yi ba. Ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Ragon bai yi kuka ba. Baffa bai cire yatsansa ba sai da jikin ya daina motsi, sannan ya je rijiya ya wanke hannu ya zauna.

Da aka feɗe, aka zuba naman gabas a shuɗin daro, na yamma a jan daro. Ko makaho zai gane bambanci da hannu. Nawa ya yi duhu yana danƙo. Na Baffa jajir mai haske, in ka danna yatsa ya lotsa ya dawo. Sarkin Fawa ya danna nan ya danna can ya ce, "Mushe, ashe karatun naka ba na banza ba ne." Mushe Lawali har kunnuwansa sun yi murmushi. Ya ba da umarni: a gasa kowane daro a tukubarsa daban, gishiri kaɗai, ba yaji, ba mai, don harshe ya ji naman kansa. Sannan ya sa sabuwar riga ya tafi bakin hanya tarbar baƙi, tare da mai gari da 'yan lakwal da aka jera a rana tun safe.

Baƙin da aka ce da hantsi, sai bayan azahar. Amma kafin su, wata mota ta riga ta iso da kujeru da kukun Direkta, wani gajere mai tumbi da farar hula. Ya tsaya kan darukan ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Wa ya raba nama haka? Cinya da haƙarƙari da wuya duk wuri ɗaya? Direkta ba ya cin ƙashi."

Sarkin Fawa ya ce, "Ni ma abin ya dame ni. Tun da nake, nama da girman mai ci ake raba shi, ba da rumfar da rago ya kwana ba."

Na ce, "Mushe ya ce kada a haɗa."

Kuku ya dube ni daga ƙafa zuwa kai ya ce, "Kai kuma wa?"

Na ce, "Manebur."

Ya ce, "To je ka ɗebo itace."

Nan take suka zauna su biyu, masana. Cinyoyi da gadon baya da hanta da ƙoda, daga shuɗi da ja, duk a daro ɗaya na manya. Haƙarƙari da wuya da sauran tarkace a ɗayan, na direbobi da mu. Sai ga ƙanin mai gari ya ji wai gishiri kaɗai za a sa wa baƙin Damagaram, ya ce wannan cin mutuncin gari ne, a je a ce mutanen nan ko yaji ba su da shi? Aka aika gida aka kawo yaji cikin ƙwarya, da tafarnuwa da man gyaɗa. Aka tumurmushe naman har ba ka gane na rago ne ko na akuya.

Na ruga bakin hanya na faɗa wa Mushe Lawali. Ya zo da gudu, ƙura ta rufe takalmin nan. Ya tsaya kan tukuba ya ce wa ya haɗa naman.

Kuku bai ko ɗago ba ya ce, "In kana so, ka je ka faɗa wa Direkta da bakinka cewa wuya za ka ba shi da gishiri."

A daidai lokacin aka ji ƙarar motoci, 'yan lakwal suka fara tafi. Na zuba wa Mushe Lawali ido, don abin da zai faɗa shi ne zai nuna ko yankan Auta yana da wani dalili a duniya. Ya dubi nama, ya dubi hanya. Ya ce, "A zuba a faranti biyu."

Aka zuba. Nama ɗaya, yaji ɗaya, faranti biyu.

Direkta ya yi jawabi da Faransanci mai tsawo a kan ci gaba da kiwon zamani, mai gari yana gyaɗa kai bai ji ko kalma ba. Bai leƙa rumfa ba. Udan da aka ce shi ne kan gaba, bai tambaya ba. Ya manta an taɓa gaya masa. Da aka zauna, Mushe Lawali ya yi bayani cewa faranti ɗaya na ragunan da aka shafa ne, ɗaya na waɗanda ba a shafa ba, a ɗanɗana a faɗa. Ashe Direkta yana da ciwon ciki, likita ya hana shi yaji. Ya tsinci ɗan guntun hanta daga farantin da ke kusa da hannunsa, ya karkaɗe, ya tauna. Ɗayan farantin taɓawa kawai ya yi da cokali. Duk wurin aka yi tsit, kowa nama a baki ya ƙi haɗiyewa, ana jiran a ji abin da harshensu zai ji.

Ya nuna na kusa da shi ya ce wannan.

Mushe Lawali ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ne na waɗanda aka shafa."

Aka yi tafi. Na kusa da Direkta ya ce dama tun loma ta farko ya gane. Na kusa da shi ya ce bambancin kamar rana da wata. Wani mai ɗan gemu ya lumshe ido ya ce shi har natsuwar dabbar yana ji a harshensa. Na so in ce masa cinyar da ke hannunsa ta wanda ya fasa hanci a waya ce, na gane ta da tabon igiya, amma manebur ba ya magana in manya na tauna. Kafin la'asar sakaliya an naɗe sauran cinyoyin a takardar siminti an loda a mota, sun tafi.

Baffa duk wannan yana bakin rijiya. Sarkin Fawa, da kyakkyawar niyya, don al'ada ce kai da ƙafa na mai kiwo ne, ya ɗauko rabonsa a shuɗin daro ya kai masa da hannunsa. Ya ce, "Ga haƙƙinka, Baffa." Sai da ya ajiye ya lura kan wa ne a sama. Baƙin kai, dogayen kunnuwa, ƙarfe na nan maƙale.

Baffa ya ɗago kan. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga kunnen ya cire ƙarfen, ya goge shi a ƙasa. Ya tashi ya je inda Mushe Lawali yake tsaye yana kallon ƙurar motoci, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Mushe, ga naku."

Ya dawo ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe kan da ƙafafun a ciki. Na ce, "Baffa, binnewa za ka yi? In kawo fartanya?"

Ya ce, "Jikokina sun daɗe ba su ga romo ba. Su ba su san shi ba."

Ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar Yekuwa.

Na ɗauka shi ke nan ba za mu sake ganinsa ba. Washegari kafin in gama jan guga ya iso, don dawa ba ta san fushi ba. An kawo sababbin marayu a makon. Ya dama madara yadda ya saba, ya ɗiga a leɓe, sannan ya soke kwalaben a cikin ramukan waya, ya ja da baya ya tsaya, hannuwa a baya. Wanda ya gane ya sha, wanda bai gane ba ya yi ta kuka. Ba yatsa, ba sosa, ba Fulatanci.

Mushe Lawali ya zo ya tsaya ya ce, "Baffa, ba ka shafa su."

Ya ce, "Madara taku ce, Mushe, ga ta ina ba su. Hannu nawa ne."

Mushe Lawali ya juya ya tafi. Bai kore shi ba, bai kuma kai ƙara ba. Wannan kaɗai zan rubuta masa a gefen alheri. Cikin wata guda ragunan gabas sun zama kamar nawa, in sun ga mutum su yi lungu. Ba wanda ya zo daga Damagaram ya gani. Rapor, wato rahoto, ya riga ya tafi cewa aikin ya yi nasara, aka yaba wa Mushe Lawali, aka ɗaga shi zuwa biro, wato ofis. Da damina ta sake kyau tumaki suka koma shayar da 'ya'yansu, aka rufe santir, wayar ma mutane suka kwashe. Baffa ya koma noman gyaɗa a gonar wasu. Na sha ganinsa ran kasuwar Dungas. In ya zo daidai turken tumaki sai ya zagaya ta bayan 'yan gishiri.

To abin da na koya ke nan, ba a lakwal ba. Maganar Mushe Lawali gaskiya ce, na gani da idona a cikin daro: dabbar da aka rena da hannu mai sanyi tana rayuwa, tana ƙiba, namanta ya fi. Ku riƙe wannan, ku daina jan raguna da ƙafar baya kamar buhu. Amma ran da makiyayi ya durƙusa gabanku ya ce ya kawo riƙo, kada bakinku ya ce to, sai in kun san za ku iya maimaita ta a gaban Direkta. In ba za ku iya ba, ku ce a'a, ya ɗauki abinsa ya mutu a hannunsa, ya fi masa sauƙi. Kuma ku duba yadda serbis ɗin nan yake zaɓe, a dabbobi da a ma'aikata: wanda ya yarda da mutane, wanda ya fara zuwa in an miƙa hannu, shi ake fara kwantarwa. Ni na rumfar yamma ne, shi ya sa har yau ina nan. Ku ci gashinku, ku daina miƙo mini faranti.